Guraben digirin digirgir a fannin siyasar raya ƙasa: a bi tallafin ne, ko a riƙe tambayar?

Aminu:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwana. Na kammala digiri na biyu a kimiyyar siyasa shekara biyu da suka wuce, kuma tun daga lokacin nake neman gurbin digirin digirgir mai tallafi a fannin siyasar raya ƙasa. Na lura guraben kashi biyu ne: akwai waɗanda wani farfesa ya riga ya samo kuɗin babban bincike, ya tsara tambayoyinsa, yana neman ɗalibin da zai ɗauki wani sashe, akwai kuma waɗanda ɗalibi ke kawo nasa daftarin binciken ya shiga takara da shi. Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne tallafin takin zamani, wato dalilin da ya sa gwamnatoci ke kashe maƙudan kuɗi a kansa amma ƙaramin manomi ba ya samun rabonsa yadda ya kamata. Sai ga shi na ci karo da gurbi irin na farko a wata jami'ar Turai, da albashi na shekara huɗu, amma a kan siyasar samar da wutar lantarki. Shin in ajiye tambayata in nemi wannan, ko in ci gaba da jira? Ina roƙon waɗanda suka riga mu bin hanyar su haska mana.

Dakta Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Ta irin wannan gurbin na yi nawa karatun, don haka zan faɗa maka abin da na gani. A ƙasashen Suwidin, Norwe da Danmak, da kuma yawancin guraben Holan, mai digirin digirgir ma'aikacin jami'a ne, yana da albashi da hutu da haƙƙoƙin ma'aikata, kuma ana tallata gurbin ne kamar yadda ake tallata kowane aiki. A Suwidin da Holan shekara huɗu aka saba, a Danmak uku. Da yawa daga cikin guraben nan suna fitowa ne daga kuɗin da Majalisar Bincike ta Turai ke bai wa malami ɗaya na tsawon shekara biyar, ko daga shirin Marie Curie na Tarayyar Turai, wanda sharaɗinsa shi ne kada mai nema ya zauna fiye da wata 12 a ƙasar da zai je cikin shekara 3 da suka gabata, abin da ke buɗe ƙofa ga mai zuwa daga nesa.

Shawarata ita ce ka nema. Amfanin irin wannan gurbi ya wuce albashi, domin za ka tarar an riga an ware kuɗin fita tattara bayanai, akwai abokan aiki da ke karanta abin da kake karantawa, kuma mai duba aikinka yana da buƙatar ka gama, saboda shi ma a kansa za a tambayi sakamakon. Mutane da yawa masu kyakkyawar tambaya sun shekara bakwai ko takwas ba su kammala ba, saboda da rana suna neman abin rufin asiri, sai dare suke buɗe littafi.

Malam Sani:
Dakta, ina girmama ra'ayinki, amma ban yarda da shi gaba ɗaya ba. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A wannan fanni musamman, wanda ya ba da kuɗin bincike sau da yawa shi ne ɗaya daga cikin waɗanda ya kamata a bincika. Babban ɓangare na binciken siyasar raya ƙasa a Birtaniya ma'aikatar ba da agaji ta ƙasar ce ta ɗauki nauyinsa, kamar cibiyar da Jami'ar Manchester ta jagoranta daga 2011 kan yadda gwamnatoci ke iya aiki, da shirin binciken cin hanci da Mushtaq Khan ya jagoranta a makarantar SOAS ta Landan. Ba na musun cewa an yi aiki mai daraja a waɗannan wurare. Sai dai da aka haɗe ma'aikatar da ta harkokin waje a 2020, aka kuma rage kuɗin agaji daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa a 2021, bincike da dama sun tsaya ana tsakiyar aiki. A 2025 kuma kowa ya ga yadda aka rushe hukumar USAID ta Amurka. Idan tambayar ɗalibi aro ce daga mai kuɗi, ranar da mai kuɗin ya juya baya, me ya rage a hannun ɗalibin?

Dakta Hadiza:
Malam Sani, gaskiya ne kuɗin agaji ba shi da tabbas, amma a bambanta abubuwa biyu. Wanda ya sa hannu a kwantiragin aiki da jami'a, jami'ar ce ke da alhakin albashinsa har wa'adin ya cika. Abin da ya kamata Malam Aminu ya tambaya a ranar ganawa shi ne: kuɗin nan na shekara nawa ne, wa ke da mallakar bayanan da zan tattara, kuma zan iya wallafa maƙala da sunana ni kaɗai? Ni ban yi tambaya ta uku ba a lokacin, kuma na ɗanɗana kuɗata, domin babi mafi ƙarfi a kundina ya fito ne da sunana a matsayi na uku, alhali ni na yi wata goma ina hirarrakin. Kuskurena ne na rashin tambaya, kuma shi ya sa nake nanata wa na baya.

Farfesa Lawal:
Na karanta abin da kuka rubuta, kuma dukanku kuna da hujja. Amma ina so in koma kan abin da Aminu ya kira tambayarsa, domin a ganina a nan matsalar take, tun kafin a kai ga maganar kuɗi.

Aminu, ɗana, ka ce kana so ka san dalilin da ya sa taki ba ya kai wa ƙaramin manomi. Idan ka kai wannan gaban kwamitin zaɓe, za su ce maka amsar tana cikin tambayar: za ka je, ka dawo ka ce cin hanci ne da rashin shugabanci nagari, ka rufe da shawarar a ƙara sa ido. Na karanta daftari irin wannan ba adadi, kuma ban tuna ɗaya da ya samu tallafi ba. Abin da ya raba siyasar raya ƙasa da nazarin gudanar da ayyuka shi ne, mu ba ma fara da ɗaukar cewa tsarin ya gaza. Muna tambaya ne: wa wannan tsari ke amfana a yadda yake, wa ke da ƙarfin hana a canza shi, kuma me ya sa waɗanda ake cuta ba su iya haɗa kai sun tilasta gyara ba?

Bari in ba ka misali daga tarihin fannin. A 1981 Robert Bates ya duba hukumomin sayen amfanin gona na ƙasashen Afirka, irin hukumar koko ta Gana, waɗanda ke sayen kaya a hannun manoma da araha su sayar a kasuwar duniya da tsada. Masana tattalin arziki suna ganin wannan wauta ce da ke kashe noma. Shi kuwa ya nuna cewa ga mai mulki akwai hikima a ciki, domin mazauna birane da ma'aikata da masu masana'antu suna kusa da fadar gwamnati kuma suna iya tayar da ƙura, alhali manoma a warwatse suke, kuma ana iya sayen manyan cikinsu da rance da taki mai rahusa. Ka ga taki ya fito a nan tun fiye da shekaru arba'in da suka wuce. Sannan a 1990 James Ferguson ya wallafa bincikensa kan wani aikin raya karkara a yankin Thaba-Tseka na ƙasar Lesoto, inda masu tsara aikin suka ɗauki mutanen a matsayin manoman gargajiya da ba su san kasuwa ba, alhali yawancin kuɗin shigar gidajen daga mazajen da ke aiki a ma'adinan Afirka ta Kudu yake zuwa, shanun kuma ajiya ce ta ranar da ƙarfi ya ƙare. Aikin bai bunƙasa noma ko kiwo ba, amma ya bar hanya da ofisoshin gwamnati da ƙarin ikon hukuma a yankin. Ferguson ya tambayi abin da aikin ya haifar a zahiri, maimakon ya tsaya kan abin da ya yi alkawari.

Yanzu ga abin da nake so ka yi tunani a kai. An yi bincike a Zambiya da ya nuna cewa a zamanin mulkin jam'iyyar MMD, mazaɓun da suka zaɓi jam'iyya mai mulki sun fi samun taki mai tallafi. An kuma yi wani a Gana kan shirin 2008, wanda ya nuna an fi tura takardun tallafin zuwa gundumomin da jam'iyya mai mulki ta sha kaye a zaɓen da ya gabata. Ƙasashe biyu masu zaɓe, kaya iri ɗaya, amma a ɗaya ana saka wa masu biyayya, a ɗaya kuma ana zawarcin waɗanda suka juya baya. Me ya kawo bambancin? Kusancin takara ne tsakanin jam'iyyu, ko yadda aka gina jam'iyyun, ko waɗanda rabon ke bi ta hannunsu? Wannan ita ce irin tambayar da ba a san amsarta kafin a fita ba, kuma ita ce ke sa kwamiti ya ajiye daftarin mutum a gefen dama.

Aminu:
Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya da nisan kwana. Wallahi na ga inda na yi tuntuɓe, domin na ɗauki damuwata a matsayin tambayar bincike. Amma ranka ya daɗe, idan na gyara ta zuwa wannan siga, a ina zan iya shiga takara da ita?

Rukayya:
Yaya Aminu, kafin Farfesa ya dawo bari in kawo abin da na sani game da Amurka, inda nake shekara ta uku. A nan ba a neman cikakken daftari tun farko, sai takardar bayanin manufa, da samfurin rubutu, da wasiƙun shaida guda uku daga malamai, wasu sassan kuma suna neman sakamakon GRE, wato jarrabawar tantance masu neman karatun gaba da digiri na farko. Yawanci a watan Disamba ake rufe karɓar takardu. Manyan sassan kimiyyar siyasa suna ɗaukar ɗalibi da tallafin shekara biyar, shekara biyun farko darussa ne da jarrabawar tantancewa, sai bayan nan mutum ya kare daftarinsa. Wannan yana nufin tambayarka tana da lokacin nuna.

Sai dai ka shigo da shirin lissafi. Tun kafin a bai wa Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer kyautar Nobel a 2019 saboda amfani da gwaji a fagen yaƙi da talauci, sassa da yawa sun karkata ga alƙaluma da hanyoyin tabbatar da cewa wannan ne ya jawo wancan, kyautar 2024 da aka bai wa Daron Acemoglu da Simon Johnson da James Robinson kan tasirin cibiyoyin mulki ga arzikin ƙasashe kuma ta ƙara wa wannan salo ƙarfi. Tambayar da Farfesa ya zana maka ta dace da nan sosai, domin ana iya haɗa sakamakon zaɓe da bayanan rabon taki gunduma-gunduma, a ƙara da bayanan Afrobarometer, wadda ke jin ra'ayin jama'a a Afirka tun daga 1999, har ta kai ga ƙasashe fiye da 30, kuma kyauta ake sauke su.

Malam Sani:
Malama Rukayya, a nan ma ina da ja. Alƙaluma za su nuna inda takin ya tafi, amma ba za su faɗi abin da aka tattauna a ɗakin da aka yanke shawarar ba. Kuma akwai tambayoyin da ba sa shiga gwaji ko kaɗan. Ba wanda zai iya raba ƙasashe gida biyu ya gwada dalilin da ya sa Koriya ta Kudu ta iya ɗora wa kamfanoninta sharaɗin fitar da kaya waje kafin ta ba su rance mai sauƙi, ta kuma janye idan sun gaza, alhali wasu gwamnatocin sun ba da irin wannan tallafi ba su iya karɓe shi ba. Wannan sai da tarihi da kwatance. Marigayi Thandika Mkandawire, wanda ya shugabanci CODESRIA, majalisar bunƙasa binciken kimiyyar zamantakewa a Afirka, a Dakar daga 1986 zuwa 1996, ya shafe shekaru yana yaƙi da ɗabi'ar bayyana komai na Afirka da siyasar ubangida, yana tunatar da cewa ƙasashe da dama na nahiyar sun samu bunƙasa a shekarun 1960 da 1970 kafin rikicin bashi da tsare-tsaren tsuke bakin aljihu. Ɗalibin da aka horar da shi kan auna ƙananan abubuwa kaɗai zai iya gama karatu bai taɓa cin karo da wannan muhawara ba.

Shi ya sa nake cewa kada a manta da guraben cikin nahiyar. Cibiyar Binciken Zamantakewa ta Makerere a Kampala ta buɗe shirin digirin digirgir na shekara biyar a 2012 ƙarƙashin Mahmood Mamdani, da manufar horar da masu ƙirƙiro tambaya maimakon masu tattara wa wasu bayanai. Majalisar Binciken Kimiyyar Zamantakewa da ke New York ta daɗe tana bai wa ɗaliban da ke rajista a jami'o'in Gana, Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu, Tanzaniya da Yuganda tallafin tsara daftari da na fita bincike da na kammala rubutu. Hukumar tallafin karatu ta Commonwealth kuma tana da tsarin da ɗalibi zai ci gaba da rajista a jami'arsa, ya je Birtaniya na wata 12 ya yi aiki da wani malami ya dawo. Ni a kan wannan hanya nake, kuma ba zan ɓoye wahalarta ba: ina koyar da aji mai cunkoso, mujallu da yawa ba na iya buɗe su, mai duba aikina kuma yana da ɗalibai fiye da ƙarfinsa. Amma mutanen da nake bincike a kansu suna kusa da ni, ina iya komawa gare su sau goma.

Rukayya:
Na karɓi gyaran, Malam. Zan ƙara da cewa mafi kyawun kundayen da na gani a sashenmu sun haɗa hanyoyin biyu ne, kuma waɗanda suka iya harshen wurin da suke bincike sun fi kowa cin riba.

Farfesa Lawal:
Game da Birtaniya, tunda ba wanda ya taɓo ta dalla-dalla: a can daftari ne kan gaba, karatun shekara uku zuwa huɗu ne, kuma samun gurbi daban yake da samun tallafi. Mutane da yawa suna murna da takardar shiga, sai daga baya su gane ba kuɗi a tare da ita. Wuraren da aka san su da wannan fanni sun haɗa da Cibiyar Nazarin Raya Ƙasa da ke Sussex, wadda aka kafa a 1966, da SOAS, da Manchester, da Makarantar Tattalin Arziki ta Landan, da sashen raya ƙasashe na Oxford. Tun daga zangon 2021 hukumomin bincike na ƙasar suka buɗe tallafinsu ga ɗalibai daga waje, amma da iyakar kashi 30 cikin ɗari na guraben, kuma kuɗin makarantar da suke biya na ɗan ƙasa ne, don haka dole a tambayi jami'ar ko za ta yafe ragowar. Kada kowa ya ɓata lokaci kan Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, domin wannan mataki, na digiri na biyu ne kawai. Tallafin Commonwealth na cikakken digiri yana buƙatar takardar goyon baya daga malamin da ya yarda zai duba aikin, wanda ke nufin sai an fara neman malamin watanni kafin a rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma idan za ka rubuta wa malami, Aminu, ka karanta aƙalla maƙaloli biyu nasa na baya-bayan nan, ka faɗa masa inda tambayarka ta haɗu da aikinsa da inda kake ganin bayaninsa bai isa ba. Wasiƙar da aka aika wa mutum ashirin da kalmomi iri ɗaya ana gane ta daga layin farko.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa masu shigowa ba, kuma ya fi damuna a kan maganar kuɗi. Wanda ke binciken yadda ake raba dukiyar gwamnati yana taɓa abincin wasu. Ma'aikacin da ya buɗe maka fayil ko ya faɗa maka wanda ya kira waya aka canza jerin sunaye, shi zai ci gaba da zama a wurin bayan ka tafi. Saka masa wani suna a kundi ba ya wadatarwa idan mutum uku ne kawai suka san maganar. Dole daftarinka ya nuna ka yi tunanin yadda za ka adana muryoyin da ka naɗa, da abin da za ka bari ba ka rubuta ba ko da shi ne mafi daɗin labari. Kwamitocin zaɓe suna lura da wannan, kuma ko ba su lura ba, amana ce.

Dakta Hadiza:
Farfesa ya gama magana a kan wannan. Abu ɗaya zan ƙara wa Malam Aminu. Bayan gyaran da aka yi wa tambayarka, nisan da ke tsakaninta da gurbin wutar lantarkin ya ragu ƙwarai. Wace unguwa ake ja wa layin wuta kafin zaɓe, wa ake yafe wa bashin kuɗin wuta, me ya sa gwamnati ke tsoron ƙara farashi ko da kamfanin na durƙushewa, duk tambaya ɗaya ce da ta takin: yadda mai mulki ke raba abin da bai isa kowa ba domin ya ci gaba da mulki. Idan shugaban binciken ya ba ka damar zaɓen ƙasashen kwatance da hanyar bincike, ba ka ajiye komai ba.

Malam Sani:
Da wannan sharaɗin na yarda. Idan kuwa ya ce an riga an rubuta takardar tambayoyin, kai dai ka je ka cike, to ma'aikacin tattara bayanai ake nema, ko da an kira shi ɗalibi.

Aminu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na tsayar. Zan nemi gurbin Turai, kuma a wasiƙata zan tambayi shugaban binciken abubuwa ukun da Dakta ta lissafa, da kuma ko ina da ta cewa wajen zaɓen ƙasashe. A lokaci guda zan sake rubuta daftarin takin domin Birtaniya da Makerere, a kan wannan tambaya: me ya sa wasu jam'iyyu masu mulki ke amfani da tallafin taki wajen saka wa magoya baya, wasu kuma wajen jawo 'yan adawa? Ina tunanin ɗaukar Gana da Zambiya da Malawi, tunda ita ma Malawi ta fara babban shirinta a 2005, in ƙara da ƙasata ta zama ta huɗu.

Farfesa Lawal:
Tambayar ta tsaya da ƙafarta yanzu. Amma ƙasa huɗu sun yi wa shekara uku yawa, kuma duk wanda ya taɓa fita bincike zai gane haka da ya ga daftarin. Ka ɗauki biyu, ka bayyana a sakin layi ɗaya abin da suka yi tarayya a kai da abin da ya raba su, sauran biyun ka ambace su a babin waiwaye. Ka kuma bincika tun yanzu ko bayanan rabon gunduma-gunduma suna samuwa a ƙasashen da ka zaɓa, domin idan babu su, sai tsarin ya koma kan hira da takardun ma'aikatu, jadawalin aikin ma ya canza. Ka turo mini shafi biyu kafin ƙarshen wata, da jerin malamai uku da kake son rubuta wa da dalilinka a kan kowannensu.